HSR, PRP ko TSN: wanne za ka ɗora wa Linux a netwok ɗin masana'anta?

Abu biyu ke hana mai kula da netwok ɗin masana'anta barci: saƙon da ya ɓace a hanya, da saƙon da ya iso a makare. Daga nesa sai ka ɗauka ciwo ɗaya ne, amma kowanne da maganinsa. Yawancin ruɗanin da ake shiga wajen zaɓe tsakanin tsare-tsaren netwok uku na masana'anta, wato HSR, PRP da TSN, daga nan yake tasowa, domin masu sayar da kaya sukan jera su a shafi guda, alhali biyun farko maganin ɓacewa ne, na ukun kuma maganin makara. Wanda zai ɗora su a kan kwamfutar Linux yana da ƙarin tambaya wadda ba a cika yi ba sai an riga an sayi kaya: in aka kashe injin aka sake kunna shi, wa zai mayar da saitin yadda yake, kuma a wane fayil aka rubuta shi?

A fara da lissafi, don shi ke nuna girman matsalar. A tashar rarraba wutar lantarki da ke bin ƙa'idar IEC 61850, saƙon GOOSE da ke umartar makatsin wuta ya buɗe ana so ya isa cikin milisakan 3 a aji mafi tsanani. Na'urar da ke auna ƙarfin wuta kuma, a layi mai zagaye 50 a sakan, tana ɗaukar samfuri 80 a kowane zagaye, wato firam (ƙunshin saƙo guda da ke bin kebul) 4000 kowane sakan. To a ce ka haɗa ƙofofi biyu na kwamfutarka da tsarin bonding na Linux, ɗaya na aiki ɗaya na jiran ko-ta-kwana, da saitin miimon 100 da aka saba sa wa, wato a duba kebul duk milisakan 100. Kafin kanel, wato zuciyar Linux, ya farga cewa kebul ya yanke, milisakan 100 na iya wucewa, samfuri 400 sun bi iska. RSTP, wanda suwic-suwic ke amfani da shi su nemi sabuwar hanya, shi ma sai ya ɗauki lokacinsa, kuma ba ya yi maka alkawarin nawa ne. A ofis babu mai lura da wannan giɓi. Na'urar kariya kuwa tana lura.

Ta ɓangaren makara, cikakken firam mai bayit 1500 yana cin kusan maikrosakan 123 kafin ya gama fita a kebul mai megabit 100, ko kusan 12 a mai gigabit 1. Da zarar ya fara fita, duk gaggawar saƙon da ya zo bayansa sai ya jira. In akwai suwic goma a hanya kuma aka yi rashin sa'a a kowanne, a kebul mai megabit 100 an haura milisakan 1 a jira kaɗai.

PRP: hanya biyu, kwafi biyu

PRP da HSR a kundi ɗaya suke, IEC 62439-3, kuma dabararsu ɗaya: kada a jira hanya ta lalace sannan a nemi wata. Kowane firam a aika shi sau biyu tun farko, mai karɓa ya ɗauki wanda ya riga isowa ya watsar da ɗan'uwansa. Kamar mai aika 'yan aike biyu da wasiƙa iri ɗaya, kowa ta hanyarsa. In ɗaya ya maƙale, wanda ake kai wa saƙon bai ma san an yi ba. Saboda haka lokacin farfaɗowa sifili ne, tunda babu abin da ake sauyawa.

A PRP, hanyoyin biyu netwok ne guda biyu masu zaman kansu, A da B. Kowace na'ura tana da ƙofa biyu, ɗaya a kowanne. Mai aikawa yana liƙa wa firam jela mai bayit 6 a ƙarshensa: lambar jeri, alamar ko ta A ya bi ko ta B, tsawon bayanan, da hatimin 0x88FB. Hikimar sa jelar a ƙarshe ita ce suwic na yau da kullum bai damu da ita ba, kuma na'urar da ba ta san PRP ba tana ɗaukarta a matsayin ciko ta yi banza da ita. Wannan ya sa za ka iya rataya firinta ko kwamfutar injiniya a netwok A kaɗai su yi magana da kowa da ke wurin. Idan kana so na'ura mai ƙofa ɗaya ta ci moriyar hanyoyin biyu, sai ka sa ta bayan akwatin da ake kira RedBox, shi ya riƙa ninka mata saƙo.

Kuɗin kuwa a fili yake. Suwic biyu a duk inda ɗaya zai isa, kebul ninki biyu, kuma in da gaske kake, wutar da ke ciyar da A dabam da ta B, hanyar da kebul ɗin ke bi a gini ma dabam. Wanda ya sa kebul ɗin A da na B a bututu ɗaya ya biya kuɗin PRP ne bai samu PRP ba. Sannan ba a haɗa A da B da kebul kai tsaye, ko da wasa.

HSR: zobe babu suwic

HSR ya ce a bar sayen suwic gaba ɗaya. Na'urorin su riƙe hannun juna su yi zobe, kowace da ƙofa biyu. Mai aikawa ya tura kwafi ɗaya hagu, ɗaya dama, kowace na'ura a hanya ta miƙa wa ta gaba. Alamar HSR ita ma bayit 6 ce, amma a gaban firam take, da lambar nau'i 0x892F, don na'urar da ke miƙawa ta gane shi tun bai gama shigowa ba ta fara fitar da shi. Illar haka ita ce wanda bai san HSR ba ba ya fahimtar firam ɗin sam. Babu na'urar da za ta shiga zobe sai mai jin yaren, saura duk sai ta bayan RedBox.

Kebul kaɗan, babu akwatin suwic, babu wutar da za a ba shi. A cikin kabad ɗaya mai na'urorin kariya goma sha wani abu, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Amma zoben yana da haraji. Saƙon da aka aika wa jama'a da yawa, irin GOOSE da samfuran awo, yana zagaye zoben kaf ta ɓangarorin biyu, don haka kusan rabin faɗin layin ne naka. Kowace na'ura kuma tana ƙara ɗan jinkiri wajen miƙawa, zobe na girma jinkiri na taruwa.

Ga kuma wurin da kwamfutar Linux ta bambanta da na'urar kariya da aka ƙera don wannan aiki. A zoben HSR kwamfutarka ba mai aikawa da karɓa ce kaɗai ba, ita ma hanya ce. Firam ɗin maƙwabta ta cikinta suke bi. In kanel ne ke miƙawa da manhaja, kowane firam na kowa sai ya shigo ta katin sadarwa, ya ta da kanel, a duba shi, a fitar da shi ta ɗaya ƙofar, kuma tsawon wannan ya danganta da abin da kwamfutar ke yi a lokacin. Ranar da ka sake kunna ta don sabunta manhaja, zoben ya buɗe har ta dawo. Saƙo zai ci gaba da isa ta ɗaya ɓangaren, amma a mintunan nan babu sauran kariya, kuma in wata na'ura ta faɗi a lokacin, duk waɗanda ke tsakaninku sun yanke. A PRP kuwa kashe kwamfutarka bai shafi kowa ba sai ita.

Wannan dalili kaɗai ya ishe ni in ce: kwamfuta ta gama-gari, mai katin sadarwa na gama-gari, PRP ya fi dacewa da ita. HSR a Linux yana da ma'ana ne in cif ɗin da ke kan allon shi ke miƙawa da kansa. Akwai irinsu, kamar XRS700x, da KSZ9477 na Microchip, da sashen ICSSG na wasu cif ɗin Texas Instruments. Umarnin `ethtool -k` zai nuna maka gaskiyar katinka. Nemi layukan `hsr-fwd-offload`, `hsr-dup-offload`, `hsr-tag-ins-offload` da `hsr-tag-rm-offload`. In duk a kashe suke kuma ba sa kunnuwa, kanel ne zai ɗauki kayan duka.

Yadda suke zama a cikin saiti

A nan HSR da PRP suka yi wa TSN fintinkau, kuma ba a cika ba su wannan maki ba. Direban HSR ya shiga kanel tun siga ta 3.13, aka ƙara masa PRP a 5.9, sannan aikin RedBox na HSR a 6.10. Abin da direban ke yi mai sauƙin fahimta ne: ya haɗe ƙofofi biyu na zahiri ya fito da ƙofa guda ta ƙirƙira, wadda sauran manhajoji ke gani kamar kowace ƙofa.

`ip link add name prp0 type hsr slave1 enp1s0 slave2 enp2s0 supervision 45 proto 1`

Da `proto 1` ka samu PRP, da `proto 0` HSR. Adireshin IP a kan `prp0` ake sa shi, ƙofofin biyu na ƙasa a bar su tsirara. Manhajar da ke aika GOOSE ko Modbus ba ta buƙatar sanin komai.

Akwai tarko biyu ƙanana. Na farko, HSR yana da siga biyu a Linux: `version 0` na bugun 2010, `version 1` na bugun 2012. In ba ka faɗi komai ba, 0 za a ba ka, alhali na'urorin da za ka tarar a kasuwa sabon suke ji. Sai ka ga fitilun ƙofa na walƙiya, kebul lafiya, amma shiru kake ji. Na biyu, bayit shidan nan daga jikin firam ake cire su: in ƙofofin ƙasa suna kan MTU 1500, wato iyakar bayit ɗin da firam ke ɗauka, ta sama za ta tsaya a 1494. Ko dai ka ɗaga na ƙasa zuwa 1506 in kati da suwic sun yarda, ko ka tabbata babu manhajar da ta kafe sai 1500.

Umarnin `ip` dai ba ya kwana. Ana kashe injin ya tafi. Shekaru da dama mafita ita ce ɗan rubutun umarni da ke gudana lokacin tashi. NetworkManager, mai kula da saitin netwok a Linux, ya rufe wannan giɓi a siga ta 1.46, a 2024, da nau'in haɗi mai suna `hsr`:

`nmcli connection add type hsr ifname prp0 hsr.port1 enp1s0 hsr.port2 enp2s0 hsr.prp yes`

Daga nan saitin ya zama fayil kamar na kowace ƙofa, ana iya kwafe shi, a adana shi, a duba abin da ya sauya, wanda ya gaje ka kuma zai same shi inda ya saba dubawa. Sai dai ka yi wa ƙofofin ƙasa nasu bayanin, ka kashe musu IPv4 da IPv6, don kada NetworkManager ya ga ƙofa babu mai ita ya fara neman adireshi ta DHCP a kanta. Takwaransa systemd-networkd ma ya samu irin wannan tallafi daga baya, ta fayil ɗin `.netdev`. Abin dubawa kafin ka yanke shawara shi ne sigar da rarrabawar Linux ɗinka ta zo da ita, domin injinan masana'anta kan zauna shekaru a kan tsohuwar siga.

Wani abu da ya shafi su biyun: kyawunsu shi ne haɗarinsu. Netwok A na iya mutuwa wata da watanni babu wanda ya sani, tunda B na kai saƙo. Sai ranar da B ya yi tuntuɓe a gane cewa tuntuni da ƙafa ɗaya ake tafiya. Don haka ƙa'idar ta tanadi firam na sa-ido da kowace na'ura ke aikawa duk sakan 2, kuma lambar 45 da ke cikin umarnin can sama ita ce bayit na ƙarshe na adireshin da ake aika su. Linux yana tara abin da ya ji a wani jadawali da za ka iya karantawa a `/sys/kernel/debug/hsr/`, mai nuna yaushe aka ji kowace na'ura ta A, yaushe ta B. Kanel ba zai buga maka waya ba. Kai za ka haɗa wannan da abin da ke ta da ƙararrawa.

TSN: ba abu ɗaya ba ne

Wanda ya ce maka na'urarsa "tana da TSN" bai gaya maka komai ba tukuna. TSN tarin ƙa'idoji ne na kwamitin IEEE 802.1, wanda ya fara da sunan AVB don sauti da hoto kafin a sauya masa suna a 2012. A ciki akwai 802.1AS mai daidaita agogo, 802.1Qav mai raba faɗin layi, 802.1Qbv mai buɗe wa kowane aji na saƙo ƙofa a lokacinsa, 802.1Qbu da 802.3br masu ba saƙon gaggawa damar katse babban firam a tsakiya, da 802.1CB mai ninka firam kamar yadda PRP ke yi. Kati na iya ɗaukar biyu daga ciki ya bar saura, kuma a kwalinsa a rubuta TSN.

Wanda masana'anta ta fi kwaɗayi shi ne Qbv. A Linux sunansa `taprio`, ya shigo a kanel 4.20, bayan `cbs` (na Qav) a 4.15 da `etf` (mai fitar da firam a lokacin da aka yanke masa) a 4.19. Ana ba shi jadawali mai maimaita kansa. A ce zagayenka milisakan 1 ne:

`sched-entry S 01 300000 sched-entry S 02 700000`

Ma'ana, nanosakan 300000 na farko layin saƙon sarrafa injin ne kaɗai a buɗe, sauran 700000 kuma na sauran saƙonni. Hoton kyamara, sabunta manhaja, kwafe fayil, duk su yi ta turereniya a nasu kason; ba su isa su taɓa na farko ba. Wannan shi ne abin da HSR da PRP ba sa yi ko kaɗan. In netwok A da B duk sun cika, kwafi biyun duk a makare za su iso.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Jadawalin ba shi da amfani sai kowace na'ura da kowane suwic a hanya sun yarda da ƙarfe nawa ne, daidai da ƙasa da maikrosakan guda. Wato kafin `taprio` sai `ptp4l` ya daidaita agogon katin da babban agogon netwok ta ƙa'idar daidaita agogo ta PTP, `phc2sys` kuma ya daidaita agogon kwamfutar da na katin. Dukansu daga kunshin linuxptp suke. Katin kansa dole ya iya buga hatimin lokaci a jikinsa, abin da `ethtool -T` zai nuna. Jadawalin da agogon atom na duniya, TAI, yake aiki, wanda tun 2017 yake gaban lokacin duniya da aka saba, UTC, da sakan 37, kuma kanel bai san wannan tazara ba sai an gaya masa. Sannan dole saƙon ya faɗa layin da ya dace: manhaja ta sa masa daraja da `SO_PRIORITY`, taswirar `taprio` ta kai darajar ga aji, ƙofar VLAN (tsarin raba kebul ɗaya gida-gida da lamba) kuma ta fassara ta zuwa lambar da suwic zai gani. Ɗaya ya kuskure a cikin waɗannan, babu saƙon kuskure da zai fito. Firam zai fita abinsa, a lokacin da ba nasa ba.

Kuma ko an yi duk wannan a kwamfutar, suwic na farko da bai san Qbv ba zai rushe shi. Jadawalin kowane suwic sai an lissafa shi tare da na maƙwabcinsa, a jinkirta buɗewar da gwargwadon lokacin da firam ke ci a hanya. A netwok mai na'ura uku ana yi da takarda da biro. A mai na'ura hamsin sai da manhajar tsarawa ta tsakiya, irin wadda 802.1Qcc ya zayyana.

Ta fuskar saiti mai ɗorewa, TSN a warwatse yake. Taswirar VLAN tana zama lafiya a NetworkManager ta `vlan.egress-priority-map`. Kashe tsimin wuta na EEE da rage tara katsewa (jiran firam su taru kafin kati ya ta da kanel), waɗanda dukansu ke ƙara jinkiri, suna da wurinsu a sashen `ethtool` na bayanin haɗin. Agogo yana fayilolin linuxptp da nasa hidimomin systemd. Jadawalin kansa kuwa, abin da aka saba shi ne rubutun `tc` da ake ajiyewa a `/etc/NetworkManager/dispatcher.d/` ko a wata hidima ta musamman. Wuri huɗu ke nan, kuma da jeri: ƙofa ta tashi, agogo ya kama, sannan jadawali. In jadawali ya riga agogo, ƙofofin lokaci za su yi ta buɗewa da rufewa bisa agogon da bai daidaita da na kowa ba. Wanda zai zaɓi TSN ya sa wannan aiki a lissafin kuɗinsa, da wanda zai riƙe shi bayan mai saitin farko ya bar wurin.

Kati ma sai an zaɓa. Intel i210 ya daɗe yana hannun masu gwaji saboda yana ɗaukar `cbs` da `etf` a jikinsa. I225 da i226 suna ɗaukar jadawalin `taprio` ɗin kansa. In kati bai ɗauka ba, kanel zai kwaikwayi jadawalin da manhaja, wanda ya isa koyo amma daidaitonsa ya rataya ga yadda kwamfutar ke farkawa a kan lokaci. Wannan ya kawo mu ga PREEMPT_RT, gyaran da ke sa kanel ya amsa a kan lokaci, wanda bayan kusan shekara ashirin a gefe ya shiga babban kanel a siga ta 6.12, a 2024. Netwok na iya buɗe maka ƙofa daidai kan maikrosakan, amma in manhajarka ba ta farka ta shirya firam ba, ƙofar za ta rufe babu kowa, sai zagaye na gaba. Kafin sayen suwic ko ɗaya, a gudanar da `cyclictest`, mai auna jinkirin farkawar kwamfuta, a kan injin yana ɗauke da kaya na awoyi masu yawa, a dubi adadi mafi muni, ba matsakaici ba.

Waɗanda ba sa son a taɓa su

Sau da yawa zaɓin ma ba naka ba ne. Injin masana'antar ya zo da nasa yaren sadarwa, EtherCAT ko PROFINET, magana ta ƙare. Abin da waɗannan ke nema daga saitin netwok kusan kishiyar na sama ne.

EtherCAT, wanda Beckhoff ya fito da shi a 2003, firam ɗaya yake turawa ya ratsa na'urori duka, kowace ta ɗebi nata ta zuba nata yana wucewa, ya juyo. Wayon yana cikin cif ɗin na'urorin. Kwamfutar da ke jagoranci katin Ethernet na yau da kullum ya ishe ta, da manhaja irin IgH ko SOEM. Ba ya buƙatar IP, lambar nau'insa 0x88A4. Abin da yake so daga Linux shi ne a sakar masa ƙofar baki ɗaya. NetworkManager kuwa, in ya ga ƙofar Ethernet da kebul a jiki, ɗabi'arsa ya ƙirƙira mata haɗi ya fara neman DHCP, IPv6 ya fara sallama, mai shelar sunaye a netwok shi ma ya sa baki. Kowane irin wannan firam yana cin lokacin zagayen. Maganin layi ɗaya ne a fayil ɗin saiti, `unmanaged-devices=interface-name:enp3s0` a ƙarƙashin `[keyfile]`, ko `Unmanaged=yes` a systemd-networkd. Ya fi kyau a kama ƙofar da adireshinta na MAC, don sunan ƙofa na iya sauyawa in an ƙara kati.

PROFINET ya fi shiga tsakani. Saƙonsa na gaggawa, RT, kai tsaye yake hawa Ethernet da lamba 0x8892, amma yana amfani da IP wajen kafa haɗi, kuma mai sarrafawa ne ke raɗa wa na'ura suna ya ba ta adireshi ta DCP. In kwamfutar Linux ce ke zaman na'ura, manhajar PROFINET za ta sauya adireshin ƙofar bisa umarnin mai sarrafawa, mai kula da saiti kuma ya ga an taɓa masa kaya ya mayar. Dole ɗaya ya haƙura, kuma mai kula da saitin ne. Nau'insa mafi tsananin lokaci, IRT, mai iya sauka har zagayen maikrosakan 31.25, sai da cif na musamman, don haka ba harkar saitin kanel ba ce, harkar sayen kati ce. Zoben da PROFINET ya saba da shi MRP ne, na IEC 62439-2, mai farfaɗowa cikin milisakan 200 a saitin da aka fi amfani da shi. Na'urar da ake sabuntawa duk milisakan 2, mai yanke ƙauna bayan zagaye uku, za ta faɗi tun zoben bai gyaru ba sai an tsawaita mata haƙuri. In aikinka zai jure wannan giɓi, MRP ya fi PRP araha nesa ba kusa ba.

EtherNet/IP da Modbus TCP ba su da wata rigima: IP ne na yau da kullum. A buɗe TCP 44818 da UDP 2222 ga na farko, TCP 502 ga na biyu, a ba su adireshi tsayayye, a kula da saƙon jama'a a suwic. Su ne ma suka fi cin moriyar PRP, tunda a kan `prp0` suke hawa ba tare da an sauya musu ko harafi ba.

To wanne?

In tsoronka yankewar kebul ko mutuwar suwic ne, kuma kwamfutar ta gama-gari ce, kamar uwar garken SCADA mai sa ido kan aikin wurin, ko ƙofar shiga tasha, ɗauki PRP. Shi ne mafi tsada a kaya, mafi sauƙi a saiti, kuma ba kamar HSR ba, kashe injinka bai taɓa maƙwabta ba. In kai ke ƙera na'urar, allonka na da cif mai miƙawa da kansa, kuma wurin ya matse, HSR ya dace. A tashoshi ma akan haɗa su, zoben HSR a ƙasa, PRP a sama, RedBox biyu a tsakani. In tsoronka cunkoso ne, fara da abu mai araha: gigabit maimakon megabit 100, VLAN da daraja, ko raba kebul ɗin sarrafawa da na kyamara. Wurare da yawa a nan matsalar ke ƙarewa. TSN ya cancanci wahalarsa ne in dole saƙon sarrafawa da sauran kaya su bi kebul ɗaya, kuma kai ke da iko da kowane suwic daga wannan ƙarshe zuwa wancan.

Mai buƙatar duka biyu, rashin ɓacewa da rashin makara, ya yi hattara da agogo. Saƙon PTP ba a yi masa "wanda ya riga isowa", domin jinkirin hanyar A dabam yake da na B, kuma agogo yana buƙatar sanin ta wace hanya saƙon ya bi. IEC 62439-3 ya yi wa wannan tanadi na musamman, don haka a tambayi mai kati ko mai allo kai tsaye yadda PTP ke gudana a kan HSR ko PRP a kayansa, a kuma gani da ido kafin a biya.

Kowanne ka ɗauka, gwajin karɓa ɗaya ne. Sa saƙo ya yi ta gudana da lambar jeri. Zare kebul ɗin A, ƙirga abin da ya ɓace, duba ko ƙararrawa ta tashi. Mayar da shi, zare na B. Cika layin da kwafe babban fayil ka sake auna jinkiri mafi muni. Sannan kashe injin daga soket, kunna shi, kada kowa ya shiga ya buga umarni ko ɗaya, ka maimaita gwajin tun daga farko.